Kek ɗin Tuffa na Gudrun Ahlborn

A ɗakin gwajinmu, a kamfanin turaren da ke bakin kogin Weser, akwai dokar da ko manaja bai isa ya tsallake ba: duk wanda ya ɓata awo, gobe shi zai kawo kek. Ba faɗa, ba tuhuma. Ka ɓata, ka gasa, mu ci da kofi.

Gudrun Ahlborn ta fi kowa daɗewa a ɗakin. 'Yar mai gyaran agogo ce, hannun ubanta ta gada. A keke take zuwa aiki ko ana ruwa, kuma tun rasuwar mijinta ba ta da abin kula sai aikin nan da bishiyar tuffa a bayan gidanta. Babu mai gasa kek kamarta, amma sai ranar bikin haihuwarta muke ɗanɗanawa, don ba ta kuskure. Abin haushi!

Ni ne Hauke, teburina na jikin nata shekara da shekaru. Nakan ce, "Haba Gudrun, ki ɓata ko ɗaya mana, yawunmu ya tsinke."

"Kwaɗayi mabuɗin wahala," in ji ta. "Dubi tumbinka."

Aikinta auna ƙarfin tururin da kowane sinadari ke fitarwa, don a san wanda zai gudu daga jiki nan da nan da wanda zai kwana a riga. Takan ɗiga ɗigo guda a ɗan kwanon da bai kai ƙwayar masara ba, ta rufe da murfi mai huda siririya kamar gashi, ta ɗauka da hantsaki ta sa a na'ura. Sai ta rage iskar ciki, zafi ya riƙa hawa sannu a hankali. Da sinadarin ya tafasa, layin da ke allon kwamfuta ya nutse ƙasa, ta karanta zafin. In ɗigon ya taɓa bakin kwano, murfi ba zai kama ba, layi ya karkace, aiki ya tashi a banza.

Wata rana da kaka sai ga Gudrun da kek. Muka yi ta tafi, har da masu ƙari. Ba a rufa mako biyu ba ta sake kawowa. Na uku kuwa a kwalin kanti ya zo, busasshe, sai sukari. Gudrun da kek ɗin kanti?

Ranar na saci kallonta. Hantsaki na rawa a hannun damanta, ta danne shi da na hagu, ta juya mana baya.

Da sauran suka fita cin abinci na ce, "Tun yaushe?"

Ba ta yi musu ba. "Tun bazara. Likita ya ce magani zai rage, ba zai hana ba. Yanzu ko tuffa ba na iya ferewa." Ta ajiye hantsakin. "Ka san inda ake kai wanda ya kasa cika kwano. Sito, wajen jera kwalabe. Gara in koma gida in zauna, Hauke."

Tausayinta ya kama ni, amma na san in na nuna za ta ci mutuncina. Sai na ce, "Hannuna lafiyarsa lau. Don karatun layi ne kullum nake zuwa wurinki."

Ita ba mai ɓoye-ɓoye ba ce in magana ta fito. Tare muka je wurin manaja, Dokta Rethmeier, ta miƙa hannun a kan teburinsa ya gani da idonsa. Ya ce mu gwada wata guda, ni cikawa, ita saita na'ura da karantawa. In aiki ya lalace, ba yadda zai yi.

Muka kama. Tana tsaye a kaina: "Ƙarami! Turare ne, ba miya ba." Layuka suka riƙa fita tsaf. Ana gab da ƙarshen wata, ranar Juma'a, na ɗiga a bakin kwano, layi ya karkace. Ta duba, ta ce, "To, doka doka ce."

"Ni fa ban iya gashi ba."

"Ni kuma ba ni da hannu. Lahadi ka zo gida."

Na fere tuffa, na murza kwaɓi, tana zaune tana yi mini faɗa a kan kaurin yanka. Litinin muka kawo shi, gefe ɗaya ya ɗan ƙone. Dokta Rethmeier ya ci, ya tambayi kuskure nawa aka yi a watan. Muka ce ɗaya.

"Ku ci gaba haka," ya ce, ya miƙa faranti a ƙara masa.

Gudrun ta ɗauki nata. Cokali na ta ƙwanƙwasa farantin, kowa na ji. Ba ta juya mana baya ba, ta cinye shi tas a gabanmu.