Zoɓo a Kan Ruwan Gishiri

Godiya ta tabbata ga Allah mai gudanar da tekuna, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu da alayensa.

Jiya na ga jikata tana tace zoɓo, sai na tuna marigayi maƙwabcina a Samaru, dattijon da ya tsufa a ɗakin gwaje-gwaje. Ba ya gardama da kowa, sai dai ya ce, "Kawo kofi mu gani."

Wani azumi, ɗalibaina suka tambaye ni yadda ruwan kogi ke shiga teku ba su cakuɗe nan take ba. Na yi alkawarin amsa washegari, alhali ban taɓa ganin teku ba, kuma ina tsoron faɗar abin da ban sani ba.

Bayan la'asar na je wurin maƙwabcin nawa. Ya narkar da gishiri a ruwa rabin kofin gilashi, ya miƙo mini zoɓon buɗa-baki da ba a sa wa sukari ba. Na tuttula, duk ya gauraye.

Ya yi dariya har da tari. "Malam, ai ba alwala ba ce. A hankali, ta bayan cokali."

Muka sake. Jan ya kwanta a sama, da iyaka a ƙarƙashinsa kamar an ja zare.

"Na gishirin ya fi nauyi," in ji shi. "Haka kogi ke hawa kan teku, sai iska da igiyar ruwa sun kaɗa su."

Washegari da kofi da cokali na shiga majalisi, hankalina kwance.

Allah Ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna, Ya albarkaci mai karatu da iyalinsa.