Baɗi Tasa Ce

Wata Lahadi a ƙarshen watan Nuwamba, shekarar da na cika tara a duniya, ina tsaye a saman benenmu na Hayyin Ashir, na rungume dish ɗin talabijin da hannu biyu kamar mai tallan da iska ke neman ƙwace wa tire. Sanyin Alƙahira ya fara shigowa, yatsuna sun ƙage a bakin ƙarfen, shanyar maƙwabta sai marina take a fuska, tattabarun Ammu Rajab mai gadin gidan suna ta kewaya kaina. Ko ɗaya bai dame ni ba. Kunnena yana can ƙasa, inda Baba da Yaya Muntari suke zaune a tabarma ɗaya suna kallon tseren motoci na ƙarshe a shekarar. Na san muddin hoton bai ɗauke ba suna ɗaki ɗaya. Na kuma san abin da duk gidan aka sani amma ba mai furtawa, cewa ana gama wannan tsere Yaya zai ɗauki jakarsa ya tafi.

Bari in faɗa muku yadda aka yi yarinya ta zama ƙafar dish. In ka hau saman benenmu a lokacin, duk dish ɗin maƙwabta gabansu ɗaya, sun jeru kamar sahun sallah. Namu ne kaɗai ya karkace yana kallon gefe, saboda tashar da ke nuna tseren kyauta ta Turai ce, da Jamusanci ma suke magana, yaren da ba wanda ke ji a gidanmu. Ammu Rajab ya rantse ba mai huda masa bango, don haka aka ɗaure shi da waya a jikin bututun tankin ruwa, aka tokare da duwatsu. Iska na kaɗawa sai ya gusa, hoto ya farfashe. Allah ya taimake mu tagar falonmu tana buɗewa ne cikin manwar, wannan ramin da ake bari a tsakiyar bene don iska da haske. Manwar ba ya riƙe sirri. Ta nan ƙamshin miyar kowa ke hawa, ta nan ake jin wa ya yi faɗa da matarsa, ta nan kuma ake ƙwala mini kira: "Auta, dama kaɗan! Ya yi yawa! Dawo! Tamam, tsaya nan, kar ki yi numfashi!"

Baba karatun addini ya kawo shi Masar daga ƙasar Katsina. Ya auri Umma, 'yar Hausawan Sudan, yara suka zo, karatu ya gagara, ya koma tuƙa wani ma'aikacin jakadanci a unguwar Zamalek. A can ya kamu da ciwon tsere, yana leƙen talabijin ɗin maigidansa daga ƙofar kicin. Mutum ne da bai taɓa goga motar kowa ba, kuma haka yake son direba. Gwaninsa wani dattijo ne mai jar mota, marar hayaniya, wanda zai yi ta binka a baya zagaye bayan zagaye har tayarka ta cinye, sannan ya wuce ka kamar ya zo gaishe ka. Baba ya sa masa suna Malam Sannu. Kullum maganarsa ita ce, "Direban kirki tayarsa yake tattali, ba tafin jama'a ba."

Yaya Muntari kuwa ya girme ni da shekaru da yawa, kuma jininsa a tafashe aka haife shi. Gwaninsa wani sabon yaro ne mai farar mota, wanda ba ya taka birki sai kowa ya gama takawa. Wata rana ya ci kowa, wata rana a ga motarsa a jikin katanga. Baba ne ya raɗa masa Ɗan Zafi don tsiya, Yaya ya karɓi sunan da murna. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma Yaya ya bar makarantar da Baba ya sha wuya ya sa shi, ya koma bin maikrobas, ƙananan motocin hayar nan, yana kiran fasinja a bakin ƙofa da Larabcin da ko ɗan gari albarka. In direba ya gaji ya ba shi sitiyari. Ba lasisi, takardar zamansa ma ta mutu, sau biyu Baba yana zuwa belinsa. Bayan na biyun ne Baba ya daina yi masa magana. Suna gida ɗaya, suna cin tuwo ɗaya, amma sai dai ka ji, "Auta, gaya wa yayanki ya rufe famfo." Shi kuma ya ce, "Auta, gaya wa Baba na rufe." Ni ce wayarsu.

Sai ranar tsere. Lahadi a nan ranar aiki ce, amma Baba ya san yadda yake zamewa, Yaya ma zai dawo da wuri yana warin mai. Ni tun safe na gama nawa: na bi layin burodi, na ɗauraye kwanukan da ɗalibai 'yan Najeriya ke zuwa sayen tuwo da su wurin Umma, na tsinke ganyen mulukiya na miya, na kasa kunne ko mai gas zai wuce yana buga tulunsa da sifana. Da farko Baba da Yaya ne ke karɓa-karɓa wajen riƙe dish, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ni na ce a bar mini, don na lura da wani abu. In suna gaban talabijin tare, Baba yakan manta yana fushi. Zai juya kai tsaye ya ce, "Ka ga yaronka ko? Wannan tuƙi ne ko aljanu?" Yaya ya ce, "Baba, naka fa kamar ya ɗauko amarya, ko kaza ba zai take ba." Har Umma takan rage wutar girki don ta ji. Amma hoto na ɗaukewa sai ɗakin ya yi tsit, kowa ya tuna, wani lokaci ma faɗan gaske ya taso, a koma maganar makaranta da ofishin 'yan sanda. Shi ya sa ban taɓa sakin dish ɗin nan don susa ba.

Kusan duk tseren ƙuruciyata da kunne na kalle shi. Motocin lokacin ihu suke, wani siririn kuka mai shiga haƙori, yana hawowa ta manwar kamar ana yanka ƙarfe. Na iya gane an shiga kwana, na iya gane wani ya shiga canjin taya. Bajamushen nan mai sharhi ban san kalmarsa ko ɗaya ba, amma in muryarsa ta haura ta karye na san an yi karo. In na ji Baba ya yi gyaran murya sau biyu, Malam Sannu ya matso. In na ji an daki tabarma, Ɗan Zafi ya wuce wani. Washegari ni da yaran bene mukan zana hanya da gawayi a saman, mu yi tsere da marafan lemo muna ɗalla su da yatsa, ni ce mai yin kukan inji da baki, ni ce mai sharhi da Jamusancin ƙarya. Yaran Sudan da na Masar duk sun yarda na iya.

Ana saura 'yan makonni a gama gasar shekarar Yaya ya hau sama ya same ni ina kwashe shanya. Ya zauna a kan tanki ya ce Libiya za shi, can ana neman direbobi kuma ba mai tambayar takarda, in ya tara abin da ya tara ya tsallaka ruwa zuwa Turai. Ya ce, "Wata rana, Auta, zan tsaya a bakin titin tseren da kaina, in ɗago miki hannu a talabijin." Na ce yaushe. Ya ce bari dai a kaɗa tutar ƙarshe, ba zai tafi bai ga Ɗan Zafi ya ɗauki kofi a gaban Baba ba. Ban gaya wa kowa ba, amma Umma ta ga jakar a ƙarƙashin gado, Baba kuma ya ga idon Umma. Ni da hankalin 'yar shekara tara na ƙulla nawa lissafin. Na ce in hoton bai motsa ba tun daga farko har ƙarshe, za su yi ta magana, su yi ta magana, har maganar ta zarce bayan tsere, Baba ya ce zauna, Yaya ya zauna.

To, ranar ta zo, kuma iskar da aka yi ban taɓa ganin irinta ba. Gwanayen biyu kowa na iya ɗaukar kofin, wanda ya riga ɗan'uwansa shi ke nan. Na sa ƙirjina a bayan dish, na tokare ƙafa da dutse. Ba a kira ni ko sau ɗaya ba, ba dama ba hagu. Ina jin Yaya yana dukan tabarma, Ɗan Zafi yana gaba. Ina jin Baba yana cewa, "Tayar nan ba za ta kai shi ba, ka rubuta ka ajiye." Ina jin dariyarsu tare, wadda rabona da ita har na manta kalarta. Hannuna ya mutu, hawayen sanyi na zuba, ban saki ba. Can dab da magariba muryar Bajamushe ta haura ta karye. Yaya ya yi wani irin salati. Tayar Ɗan Zafi ta fashe ana dab da gamawa, Malam Sannu ya zo ya wuce abinsa a hankali.

Na jira Baba ya yi tsiyar da ya shekara yana tanadi. Sai kukan motoci kawai. Sannan na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi wa Umma magana da ita in ba ta da lafiya. Ya ce, "Muntari." Rabon da ya kira sunan nan an fi shekara. Ya ce, "Yaron nan naka direba ne. Baɗi tasa ce. Ka zauna mu gani." Na matse dish ɗin har ya yanke ni a tafin hannu. Yaya ya yi 'yar dariya ya ce, "Ma'alish, Baba, yi haƙuri. Ka kalla mini." Ina nan riƙe da dish har aka kira sallah, an ma kashe talabijin ban sani ba, sai da Umma ta hau ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Kafin Juma'a ya tafi. Ya kira daga Libiya, ya ce ya samu babbar mota yana ja. Ya sake kira bayan watanni, ya ce an sa musu ranar shiga jirgin ruwa, a yi masa addu'a. Daga nan ba mu ƙara jin muryarsa ba. Ba gawa, ba labari, ba wanda ya ce ya gan shi. Baba ya zaga ofisoshi har takalminsa ya huje, duk wanda ya dawo daga can sai an kawo shi falonmu an ba shi shayi an nuna masa hoto. Shekarar da ta biyo kuwa maganar Baba ta tabbata, Ɗan Zafi ya ɗauki kofi. Ina sama riƙe da dish na ji an daki tabarma, irin dukan Yaya sak, har na kusa faɗowa ta manwar don gudu. Baba ne, shi kaɗai. Tun daga ranar bai ƙara ambaton Malam Sannu ba, ya koma bayan farar mota, yana yi wa yaron faɗa a kan taya kamar yana jin sa.

Yanzu Umma ta rasu, ni na gaji tukunyarta, ni ke tuƙa wa ɗalibai tuwo a wannan kicin ɗin dai. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban cika son fita ba, ko cikin gari sai dole. Tashar nan ta kyauta an daɗe da rufe ta. A waya muke kallo, in jingina ta da gwangwanin sukari, Baba ya matso da fuskarsa don idonsa ya yi rauni, ni ina faɗa masa wa ke gaba. Motocin yanzu ba sa ihu, gurnani kawai suke kamar injin wanki, kunnena ba ya gane komai a cikinsu. Ɗan Zafi ya yi furfura, yaran da aka haifa bayan tafiyar Yaya suna wuce shi ta dama da hagu. Duk ya ƙare a baya sai Baba ya gyara hularsa ya ce, "Baɗi tasa ce."

Kwanan nan ɗaliban da ke zuwa karɓar abinci suke ta zancen wai Ɗan Zafi zai ajiye tuƙi in an gama gasar bana. Wani ɗan Zariya har yana tsokanata, "Anti, gwaninku ya tsufa, ku nemi sabo." Na zuba masa miya na ce ya rage murya, tsoho na barci. Baba ba barci yake ba, na ji ya kashe rediyonsa. Bai tambaye ni ba, amma da daddare bai ci tuwo ba. In mutumin nan ya sauka daga mota, ban san me Baba zai ci gaba da kalla wa Yaya ba.

Jiya na hau sama shanya. Dish ɗinmu yana nan a jikin bututun tanki, ya yi tsatsa, tattabaru sun ɓata shi, har yanzu yana kallon gefensa shi kaɗai. Na dafa shi, tabon tafin hannuna ya zauna daidai bakin ƙarfen. Na kasa kunne a manwar, sai ƙarar cokula da kukan jaririn wasu baƙi. A da na ɗauka in na riƙe da kyau ba abin da zai ɗauke. Na riƙe da kyau kuwa.