Irin Kuɓewar Baba Ya Tafi a Murhu

'Yan uwa, yau an ƙone mini irin kuɓewa kaf saboda ƙwaron da ko cizo ba ya yi!

Na dawo daga kasuwa da azahar, na tarar da Yaya Habu riƙe da ƙwarya wayam. Ƙwaryar irin da marigayi Baba ya bar mana ce! Jiya na sauko da ita daga inda take rataye, na ajiye a gindin randa.

Na ce, "Yaya, ina irin?"

Ya ce, "Ya lalace. Ƙwayoyin na gani suna tafiya, sai na juye a murhu kafin su shiga rumbu."

Na duƙa gindin randar. Ga wasu ƙwari nan ƙanana, ruwan toka. Na taɓa ɗaya, ya dunƙule sak ƙwayar kuɓewa. Da ya miƙe na juya shi na ƙirga: ƙafa goma sha huɗu!

Na ce, "Yaya, ƙwaron hatsi ƙafa shida gare shi. Wannan danshi ya biyo, ruɓaɓɓen ganye yake ci. Da ka shanya a rana, da sun watse."

Ya leƙa tafin hannuna, ya ce, "To, ba sai ka sayi wani a kasuwa ba?"

A kasuwa! Irin da Baba ya yi shekaru yana zaɓa!

Ruwa ya janye daga fadama, jibi zan yi shuka. Duk wanda Baba ya taɓa ɗibar wa irin nan, ko cikin cokali ne, don Allah ya kira ni yau.