Katunan Zumunci da Na Buga a Yelwa

Shekarun baya, ba a daɗe da yanke mana Jihar Kebbi ba, na gama bautar ƙasa na dawo gida Yelwa, aka ɗauke ni aiki a wani ofishi mai kula da manoma. Ni mutum ne mai tsoron mantuwa. Tun ina makaranta, in na kulle ɗaki sai na koma na taɓa kwaɗon sau biyu, wani lokaci uku. Da na dawo, abin da ya fi damuna shi ne dangi. Na yi shekaru a waje, ban san rabinsu ba, kuma ina fargabar a ce ɗan boko ya dawo ya yanke zumunci.

A inda na yi bautar ƙasa na taɓa ganin wani jami'i da ɗan littafi mai zobba, cike da katuna. Kowane al'amari da katinsa, yana cirewa yana mayarwa. Na ce a raina wannan shi ne maganina. Ba a sayar da irinsa a Yelwa, don haka na ciro zobba daga wani tsohon fayil, na kai wa baduku ya ɗinka mini bangon fata. Saura katunan.

Akwai wani dattijo mai buga katin gayyatar aure da na suna a bayan kasuwa, wanda ke jera haruffan dalma da hannu ɗaya bayan ɗaya. Na kai masa zanen da na yi da rula. Layi huɗu ne: suna, gari, dangantaka, da ranar ziyara ta ƙarshe. Na ce a yi mini launi biyu, fari na dangin kusa, shuɗi na dangin nesa. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tambaye ni ko asibiti zan buɗe. Da na yi masa bayani, sai ya ce a shekarunsa na wannan sana'a bai taɓa buga wa kowa katin tuna 'yan uwansa ba, amma tunda boko ya zo da haka, zai buga. Ya ba ni shawarar a bar bayan katin babu komai ko zan buƙaci ƙarin rubutu. Na ƙi. Na sa ya cika bayan da ƙananan gidaje na watanni, inda zan riƙa sa alama in na kai ziyara. Sau uku ina komawa duba samfuri, har ya fara kirana mai binciken gwamnati.

Ranar da na karɓo su, in ban manta ba, har sansanar tawadar na riƙa yi a hanya.

Wadda za ta cika mini su ita ce Inna, mahaifiyata. Asalinta 'yar gungu ce, ɗaya daga tsibiran da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi. Ina ɗan shekara uku aka tashe su, dangi suka watse. Wasu suka yi wajen Shanga, wasu wajen Warra, wasu Musulmi, wasu Kirista, wasu suna kan al'adarsu ta da. Inna kaɗai ke riƙe da su duka a kanta.

Bayan la'asar nake zama kusa da ita a tsakar gida, tana gyaran albasa, ni kuma da biro. Matsalar ita ce Inna ba ta iya faɗin suna shi kaɗai. In ta ambaci mutum, sai ta faɗi wanda ya haife shi, da yadda kada ya taɓa kifar da jirginsa, da wadda ya so aura aka hana shi. Ni kuwa layin dangantaka bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Nakan ce mata cikin ladabi, kamar yadda nake gani a lokacin, ta taƙaita mini. Da farko dariya take yi, tana cewa makarantar tamu ta koya mana tambaya amma ba ta koya mana jin amsa ba. Bayan kwana biyu ta koyi ba ni abin da nake so. Kawu. Gwaggo. Ɗan ƙanen Baba. Na ji daɗi, na ɗauka aiki ya kama hanya.

Ran nan ta ambaci sunan wata mata a wani ƙauye na bakin ruwa, gaba da Warra. Na rubuta suna, na rubuta gari, na tambayi dangantaka. Ta daina ɓare albasar.

"Wagga tana da labari," in ji ta. "Aje biron nan tukuna."

Na duba agogo. Ina da sauran katuna tara da na tsara cikewa a ranar, kuma ba na son tsari ya karye. Na ce mata labarin za mu zauna a kansa na musamman, in Allah ya so, yanzu dai kalma ɗaya nake buƙata don in san fari zan ɗauka ko shuɗi. Ta dube ni, ta dubi katin.

"To rubuta 'yar garinmu."

Na ɗauki shuɗi.

Daga baya sau biyu ta sake ɗago maganar. Na farko ta tambaye ni ko aikinmu yana kai ni Warra. Na ce yana kai ni. Ta ce in na je, da zan ɗan ƙarasa in gai da matar nan. Na buɗe littafina a gabanta, na nuna mata cewa fararen katuna nake bi tukuna, shuɗɗan sai na gama da su, wataƙila bayan damina, tunda hanyar ma ba ta da kyau kuma ban cika sakin jiki da shiga jirgin ruwa ba. Na biyu ba ta ma ambaci matar ba, ta dai ce ruwa ya fara ja baya, masu jirgi sun ce tafiya ta yi sauƙi. Na ce zan bincika. Gaskiya na bincika ɗin, har na rubuta ranar da jiragen ƙauyen ke zuwa kasuwa. A tsakanin nan na je Warra sau biyu, na kwana, na dawo.

Wata mai sayar da bandar kifi ce ta kawo saƙon rasuwar matar nan, ranar kasuwa. Ban taɓa ganin Inna ta shirya da sauri haka ba. Ba ta nemi shawarata ba, ta dai ce in sa takalmi.

Muka iske gidan cike, mata suna waƙoƙin coci a ƙarƙashin rumfa. Da muka shiga sai waƙar ta ɗan tsaya. Wata mata da ta girme ni da kusan shekara goma, babbar 'yar marigayiyar, ta taso ta durƙusa gaban Inna, ta kira ta Inna ƙarama. Sannan ta kama hannuna tana kuka, tana cewa ashe ɗan goyon babarsu ne ya girma haka. Na tsaya kamar gunki da littafina a aljihu.

A jirgi, kan hanyar komawa, Inna ta ba ni labarin, ba tare da na tambaya ba. Marigayiyar nan yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya ni tun ina jariri. Lokacin tashi, tsohuwarsu ba ta da lafiya, suka yi gardama kan wadda za ta tafi da ita. Ranar da yayar ta je duba sababbin gidajen da aka ba mutanen mijinta, Inna ta sa tsohuwar a jirgi ta kawo ta Yelwa, don a nan akwai asibiti. Ba a yi wata uku ba tsohuwar ta rasu, yayar ba ta sake ganinta ba. Ta aiko cewa kada Inna ta taka mata ƙofa. Sama da shekara ashirin ke nan. Inna ta ce ta san ita za a iya kora, amma ba za a kori ɗan goyo ba. Ni take jira in girma in buɗe hanyar.

Na tambaye ta me ya hana ta ce mini yayarta ce kawai.

"In na ce yayata, sai ka ce mi ya sa ba ka san ta ba. Kuma kana sauri."

Har ta koma ga Allah ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Ina jin da ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Na sha yi wa kaina hujja. Ban sani ba, ba a faɗa mini ba, niyyata ma zumuncin ce. Duk gaskiya ne. Kuma ba zan iya rantsuwa cewa da na je za a shirya ba. Amma na san an buɗe baki za a faɗa mini, ni ne na rufe shi, don amsar ta fi wurin da na tanada mata. Ban daina rubuta abubuwa ba, har yau mai mantuwa ne ni. Abin da na daina shi ne tambayar tsoho da takarda a hannu.

'Yar marigayiyar ta zama 'yar gida, Yaya nake kiranta. Duk zuwanta Yelwa a ɗakin Inna take sauka. Sai da aka shekara sannan Inna ta iya tambayarta, ina zaune a bakin ƙofa, ko babarsu ta taɓa ambatonta. Yaya ba ta iya ƙarya ba. Ta ce sunan Inna dai ba ta taɓa ji a bakinta ba. Amma duk mai kifin da ya dawo daga kasuwar Yelwa sai babar tasu ta tare shi ta tambayi labarin yaron nan da ta goya, aji nawa yake, ya gama ko bai gama ba. Da ta ji ya dawo gida ya kama aiki, sai ta ware zakara ɗaya ta ce kada a sayar, baƙo na nan tafe.