Keken Baba ba ya son tafiyar dattawa

Ni mai gyaran fanka ne. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, abin da na iya a hannu na koya.

Shekarar da ƙafafun Baba suka daina ɗaukarsa, na haɗa masa keken zama. Na tsinci tayoyi biyu a unguwar Amutibe, irin masu injin a cikin cikinsu, injin da ba shi da ɗan gawayin nan mai kai wuta ciki. Irin wannan ba a haɗa shi da batir kai tsaye. Sai an sa ɗan kati mai ƙwaƙwalwa da zai riƙa aika wuta ga wayoyi uku, bi da bi, a kan lokaci. Katin kuma sai ya san inda taya take. Akwai ƙananan idanu uku a cikin injin da ke gaya masa. Nawa iskar teku ta cinye su, duk sun yi tsatsa.

Ba idanu, katin lalube yake yi. In taya ta ɗau gudu yana gane ta, keken ya tafi sumul. Amma daga tsaye sai ya yi kakkarwa, ya ja baya kaɗan, ya fizga gaba. Na yi makonni ina sauya lambobin katin. Na rage wuta ya ƙi tashi a yashi, na ƙara ya fizga.

Ban yi tunanin gaisuwa ba. Daga gidanmu zuwa masallaci ƙofa nawa ce, kuma a Zango dattijo ba ya wuce ƙofa. Kowace tsayawa, sabon tashi. Juma'ar farko hularsa ta faɗi sau biyu.

"Kai, jaki ka haɗa mini ko babur ɗin haya na zemijan?"

"Baba, in kun tsaya zan ɗan tura ku, shi ke nan."

"In turawa ce, me ya kai ka wahala?"

Juma'a ta uku, aminin Baba na zaune a ƙofar gida, kwana biyar da rasuwar matarsa. Mutane cike da tabarma. Na ga Baba ya rage gudu, keken ya fara rawa a ƙarƙashinsa. Ya dubi taron. Sai ya danna, ya wuce, hannu kawai ya ɗaga.

Da muka dawo ya ce, "Shekara hamsin ban taɓa wuce ƙofar nan ba. Fitar da abin nan."

Washegari na goya shi a baya muka je ta'aziyya. 

Sababbin idanun da na aika a sayo sun iso daga Ankara bayan wata biyu. Na sa su. Keken yana tafiya kamar hawainiya yanzu, ko ƙara babu. Na nuna wa Baba a tsakar gida. Ya ce Allah ya yi albarka, ya juya fuskarsa bango. Bai sake hawa ba.