Ƙanzon Fiza

Ban yi boko da ƙuruciya ba. Ajin manya na shiga bayan na aurar da yara, can na koyi riƙe biro. Abin da zan rubuta ya faru a tsakar gidana a Tudun Wada, a hutun damina da ya wuce, amma tushensa ya haura shekara talatin.

Ƙanena ya rasu ya bar yarinya 'yar shekara biyar. Uwarta ta yi wani auren a nesa, sai aka ba ni riƙonta. Ina da tawa 'yar, sa'arta. Ɗaki ɗaya suke kwana, atamfa iri ɗaya nake ɗinka musu da Sallah, duk unguwa ana yaba mini. Abin da unguwa ba ta gani shi ne bakin murhu. Na raba musu kwano da hujjar suna faɗa. In na zo kwasar tuwo ko dafa-duka, saman tukunya na maigida ne da 'yar cikina. In na kai gindi, inda ya kama, sai in kankare in zuba wa ta riƙon. Ban taɓa zama na ƙudurta hakan ba, hannuna ne ya saba. Ranar da wata maƙwabciya ta tsaya kallon kwanon, sai na ce, "Ai ita ƙanzo take so." Yarinyar ba ta musa ba. Daga nan maganar ta zauna, har ni da na ƙirƙire ta na yarda da ita.

Ta girma, ta zama malamar firamare, ta yi aure a Hanwa. Tana zuwa gaishe ni, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma ba ta daɗewa. 'Yarta ɗaya, mai shekara bakwai, kamar ƙanena ya yi kaki, har wushiryar. Jikokina uku na wajen 'yar cikina suna unguwar Kongo, nan cikin gari, kuma kowane hutu a gidana suke yin sa. Wannan ɗayar ba ta taɓa kwana ba. Na yi ta roƙo, uwar tana cewa sai ta ƙara wayo. A wannan hutun ta amince da sati ɗaya.

Ta zo ranar Asabar da hantsi, da jakar kayan yarinyar da ledojin cefane. Ta ce a makarantarsu sun yi wa yara ranar fiza sun ji daɗi, shi ne za ta yi wa na gida, don 'yarta ta sake da 'yan'uwanta kafin ta tafi ta bar ta.

Na ce, "Mece ce kuma fiza?"

"Gurasa ce, Gwaggo, ta Turawa. A kanta ake shafa miyar, a gasa su tare."

Babban jikana, wanda nake tsokana da maigida, ya ce, "Kaka ba ta da haƙoran ci. A ba ni nata."

Na ce, "Maigidan da bai taɓa kawo ko albasa ba? Zauna can."

Yaran maƙwabta huɗu suka shigo, suka zama takwas. 'Yar riƙona ta yi musu huluna da takardar tsohuwar kalanda, ta jera su wanke hannu. Suka kwaɓa fulawa da yis, rabi a kwano, rabi a goshi. Kafin ƙullin ya tashi ta ɗaure musu ido da ɗankwali, kowa ya sansana ya faɗi abin da aka kai masa hanci. Maigida aka ba attaruhu, ya yi ta atishawa ana dariya. Suka yi tseren lemon tsami a cokali. Da ƙullin ya tashi suka murza shi da kwalba ya cika faranti, aka shafa tumatir, aka barbaɗa cuku irin na kanti mai narkewa. Sai suka ce fuskata za su zana. Idanu na albasa, baki na tattasai. 'Yar baƙuwata, wadda tun zuwanta take maƙale da zanen uwarta, ita ta jera niƙaƙƙen nama a goshi ta ce tamojin Kaka ne. Na kai mata dukan wasa, ta gudu tana ƙyalƙyala dariya. Na ga uwar ta saki fuska.

Ba ni da na'urar gashi. A babbar tukunya muka zuba yashi, muka ɗora farantin, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Na ce a bar mini wutar, na fi kowa sanin murhuna. Hadari ya taso da iska, ta yi ta hura gefe ɗaya. Da muka buɗe, fizar ta yi kyau, sai gefen nan da gindinsa ya yi baƙi ƙirin.

Ni ce babba, ni aka miƙa wa wuƙa. Na yanka takwas. Yaran suka jeru da faranti, ina sa wa kowa. Wallahi ban yi tunani ba. Masu laushi suka tafi ga jikokina uku, na gefensu ga yaran maƙwabta, baƙin ya sauka a farantin yarinyar. Har na ce, ina dariya, "Ke ma ai irin uwarki ce, mai son ƙanzo."

Yarinyar ta dubi nata, ta dubi na sauran. Ta gutsura tana taunawa a hankali, kanta a ƙasa. Na san wannan zaman. Na gan shi shekara da shekaru a bakin murhun nan.

Uwar ta zo ta ɗauke yankin, ta kankare saman a kan burodi ta ba ta, ta kora su duka zaure wasa. Ta tsuguna tana juye yashin tukunya.

"Gwaggo, ban taɓa son ƙanzo ba."

"To, me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Ke ce mai rabo."

Nan ya kamata in yi shiru. Maimakon haka na ce ni na ciyar da ita, na tufatar da ita, na kai ta ɗakin miji lokacin da kowa ya janye jiki. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Haka ne. Allah ya saka da alheri." Bayan La'asar ta shiga ɗaki ta fito da jakar.

Yarinyar ta ce, "Mama, ba nan zan kwana ba?"

"Sai wani hutun. Yi wa Kaka sallama."

Washegari 'yar cikina ta zo, na ba ta labari ina neman ta goya mini baya. Ta ce, "Inna, ai kowa ya sani. Muna yara, nakan ɗibar mata nawa a bayan ɗaki, in kin shiga salla." Ashe har yarinya ƙarama ta ga abin da ni na ƙi gani.

Na yi sati biyu ina juyayi kafin na hau a-daidaita-sahu zuwa Hanwa. Ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo ruwa. Na faɗi laifina da sunansa, na tukunya da na gorin, na ce ta yafe mini tun ina da rai. Ta yi kuka, ta ce ta yafe duniya da lahira. Da na ga haka sai na tambayi zancen hutun.

Ta share ido ta ce, "Gwaggo, na san ba da gayya kika yi ba. Shi ya sa nake tsoro. Da a ce da gayya ne, da sai ki daina."

Na yi mata sallama na dawo gida. Yanzu takan kawo mini 'yarta wasu Juma'o'in, fiye da da. Yarinyar tana hawa cinyata, tana ja mini kunne, tana tambaya yaushe za a sake fiza. Da na ɗora tukunya, uwar sai ta duba agogo ta ce yamma ta yi. Wani hutun ya zo ya wuce, jakar ba ta dawo ba.