Dakta Bintu Fannami, mai mayar wa mutane fuskokinsu

Da sassafe Dakta Bintu Fannami take zagaya gadajen majinyatanta a Haɗejiya. Takan tsaya a kan mutum ta ce, "Cije haƙoranka in gani." Daga yadda na sama suka haɗu da na ƙasa take gane ko muƙamuƙi ya zauna daidai. Shekara da shekaru ke nan tana ɗinke fuskokin da haɗari ya yayyaga, ga shi ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Malam Zaharaddeen, nas ɗin da ya daɗe tare da ita a ɗakin tiyata, shi ya ba ni labarin Ja'afaru, wani manomin shinkafa daga Miga. Bijimin huɗarsa ne ya tunkuye shi a fadama, ƙahon ya tsaga kumatunsa har leɓe, ya karya muƙamuƙi. A wani ƙaramin asibiti aka ɗinke shi cikin gaggawa, da laka a cikin raunin, ba a kuma duba ƙashin ba. Da aka kawo shi fuskar ta kumbura tana zubar da mugunya, ko kunu da ƙyar yake haɗiya.

Dakta Bintu ba ta zagi kowa ba. Cewa ta yi, "Wanda ya ɗinke ya tsayar da jini, Allah Ya saka masa. Saura namu."

Ta warware ɗinkin, ta yi ta wanke raunin har sai da ba sauran ƙasa. Wani sabon likita ya kai almakashi zai datse fatar da ta yi baƙi, ta riƙe hannunsa.

"Dakata, ɗana. Fatar fuska takan farfaɗo. Abin da ka yanke yau, ina za ka samo shi gobe?"

Sai da ta daidaita ƙashi, ta ɗinke cikin baki, sannan ta zo kan fata. Zaharaddeen ya ce da ta haɗa bakin leɓen, gefe da gefe, sai ya ji kansa yana salati.

Ranar sallama, Iya, mahaifiyar Ja'afaru, wadda ganinta ya yi rauni, ta sa tafukanta ta shafa fuskarsa a hankali, ta bi tabon da yatsa. Ta juya ta ce, "Likita, wallahi Ja'afaruna ne."

Dakta Bintu, ke ce wadda ba ta gaggawa a kan fuskar ɗan'adam. Mutanenki suna nan a kasuwannin Kaugama da Malam Madori, suna ciniki, suna dariya, ba mai kallonsu sau biyu.

Mun gode. Allah Ya ba ki lafiyar hutawa. Ku kuma matasan likitoci da za ku gaji ɗakin nan, ku wanke kafin ku ɗinke, ku duba ƙashi kafin fata. Akwai uwar da ke jira a bakin ƙofa ta gane ɗanta.